Wasiƙar talla ta imel: Yadda ake tsara ta don a karanta

Kamfanoni da ƙungiyoyi a sassa daban-daban na duniya na kashe maƙudan kuɗaɗe wajen aika wa jama'a wasiƙun talla ta hanyar imel, sai dai galibin wasiƙun ba sa samun ko da minti guda na hankalin mai karatu kafin ya rufe su ko ya goge.

Kamfanin bincike na Radicati da ke Amurka ya ƙiyasta cewa a shekarar 2023 ana aika saƙonnin imel kimanin biliyan 347 a kowace rana.

A cikin irin wannan cunkoso, masana harkar talla na ganin cewa yadda aka shimfiɗa wasiƙa, wato abin da aka sa a sama da wanda aka bari a ƙasa, da girman rubutu, da wurin da aka ajiye hoto, na daga cikin abubuwan da ke sa a karanta ta ko a yi watsi da ita.

Asarar kuma ba ta tsaya kan saƙo ɗaya ba. Idan jama'a suka yawaita kai ƙarar wasiƙun wani kamfani a matsayin tarkace, manyan kamfanonin imel irin su Google da Yahoo kan daina kai saƙonninsa cikin akwatunan mutane, har da na waɗanda ke son karantawa.

Mece ce wasiƙar talla?

Saƙo ne da kamfani ko ƙungiya ke aikawa lokaci-lokaci, kamar kowane mako ko kowane wata, ga mutanen da suka bayar da adireshinsu na imel da kansu, suka kuma amince a riƙa tuntuɓarsu.

Takan ƙunshi bayanin sababbin kayayyaki, ko ragin farashi, ko labarin abin da kamfanin ke ciki. Bankuna da kamfanonin jiragen sama da jami'o'i da jaridu da ƙungiyoyin agaji duk suna amfani da ita.

Amincewar mai karɓa ce ta raba ta da tarkacen saƙonnin da ake watsa wa mutane ba tare da izninsu ba.

Harkar ta bunƙasa matuƙa. Kamfanin Mailchimp, wanda aka kafa a birnin Atlanta a shekarar 2001 domin taimaka wa ƙananan 'yan kasuwa aika irin waɗannan wasiƙu, an sayar da shi ga kamfanin Intuit a 2021 a kan kuɗi kimanin dala biliyan 12.

Asalin lamarin

Wani injiniya Ba'amurke mai suna Ray Tomlinson ne ya fara aika saƙon imel daga wata kwamfuta zuwa wata a shekarar 1971, shi ne kuma ya zaɓi alamar @ da ake gani a kowane adireshi.

Tallan farko da aka watsa ta wannan hanya ya fita ne a ranar 3 ga watan Mayun 1978, lokacin da Gary Thuerk, jami'in talla a kamfanin kwamfuta na Digital Equipment Corporation, ya aika wa mutane kusan 400 goron gayyata zuwa baje kolin sababbin na'urorin kamfanin a jihar Kalifoniya.

Tun a wannan saƙo aka fara cin karo da matsalar tsari. An rubuta shi ne kaf da manyan baƙaƙe, sa'annan adiresoshin sun fi ƙarfin gurbin da aka tanadar musu, sai ragowar suka kwararo cikin saƙon, ta yadda sai mutum ya wuce dogon jerin sunaye kafin ya iso ga abin da ake son faɗa masa.

Da dama daga cikin waɗanda suka karɓa sun fusata, hukumomin tsaron Amurka da ke kula da hanyar sadarwar a wancan lokaci kuma suka ja wa kamfanin kunne.

Bayan fitowar Hotmail a 1996, da Yahoo Mail a 1997, da Gmail a 2004, imel ya shiga hannun talakawa, wasiƙu kuma suka fara ɗaukar hotuna da launuka kamar shafin mujalla.

Yadda ido ke bin rubutu

Kusan duk ƙa'idojin tsara wasiƙar talla sun ginu ne a kan abu guda: mutane ba sa karanta ta daga farko zuwa ƙarshe, leƙawa kawai suke yi.

A shekarar 2006 kamfanin Nielsen Norman Group, wanda ke nazarin yadda jama'a ke amfani da intanet, ya wallafa sakamakon wani bincike da aka yi da na'urar da ke bin diddigin motsin ido.

Binciken ya gano cewa matsakaicin lokacin da mutum ke ba wasiƙa bayan ya buɗe ta shi ne daƙiƙa 51, kuma kashi 19 cikin ɗari ne kawai na wasiƙun aka karanta su baki ɗaya.

Haka kuma kashi 67 cikin ɗari na mutanen da aka gwada ba su ko kalli gabatarwar da ake sawa a farkon wasiƙa ba, tsallake ta suka yi zuwa kanun labarai.

Wani binciken da kamfanin ya fitar a shekarar, wanda ya ƙunshi mutane 232, ya nuna cewa a shafin da ke cike da rubutu ido kan yi tafiya mai kama da harafin F.

Mutum kan bi layin sama daga hagu zuwa dama, ya ɗan sauko ya bi wani layin amma bai kai ƙarshe ba, daga nan sai ya gangara ta gefen hagu yana tsintar kalmomin farko.

Abin da masu tsarawa suka koya daga nan shi ne, muhimmiyar magana a sama take zama, kuma kalmomi biyun farko na kowane kanu su ne ke ɗauke da nauyin saƙo.

Doguwar gaisuwa da yabon kai, waɗanda ke da muhalli a wasiƙar hannu, a nan cinye wuri mafi tsada suke yi.

Kafin a buɗe

Abubuwa uku ne mai karatu ke gani a akwatinsa kafin ya yanke shawarar buɗe saƙo: sunan wanda ya aiko, da taken saƙon, da ɗan layin da ke biye da taken.

Sunan mai aikowa ya kamata ya zama wanda mai karɓa ya sani, kuma kada a riƙa sauya shi. Mutumin da ya yi rajista da wani kantin littattafai, sunan kantin yake sa ran gani, ba sunan wani ma'aikaci da bai taɓa ji ba.

Taken saƙo kuwa wuri ne ƙanƙani, domin wayar salula kan nuna haruffa kimanin 30 zuwa 40 ne ta yanke sauran.

Don haka take irin “Wasiƙarmu ta watan Satumba” bai gaya wa kowa komai ba, alhali “Ragin kashi 20 kan littattafan makaranta” ya faɗi abin da ke ciki tun kafin a kai wurin yankewa.

Layi na uku shi ne aka fi mantawa da shi. Idan mai tsarawa bai rubuta shi da gangan ba, manhajar imel kan ɗauko duk rubutun da ta fara tararwa a cikin wasiƙar, wanda sau da yawa yakan kasance “idan saƙon bai buɗe ba, latsa nan”.

Gwanayen aikin kan yi amfani da wannan layi wajen ƙarasa maganar da taken ya fara, misali ranar da ragin farashin zai ƙare.

Tun daga 2013 Gmail ke ware saƙonnin talla a wani sashe na daban. Ma'ana, wasiƙar kamfani na zaune ne cikin sahun takwarorinta, kuma waɗannan layuka uku ne kaɗai za su bambanta ta.

Manufa ɗaya

Hausawa kan ce taura biyu ba ta taunuwa. Kafin a zana komai, ana so mai tsarawa ya amsa tambaya guda: wane abu ɗaya ake so mai karatu ya yi idan ya gama?

Ko dai ya sayi kaya, ko ya yi rajistar taro, ko ya karanta wani rahoto. Amsar ita ce za ta mamaye saman wasiƙar, sauran batutuwa su biyo baya da ƙananan haruffa da ƙananan hotuna.

Wasiƙar da ta ba batutuwa shida girma iri ɗaya ta ɗora wa mai karatu aikin tantancewa, shi kuwa sau da yawa maimakon ya tantance sai ya rufe.

A can sama akan sa tambarin kamfani, ƙarami, domin a gane mai magana. Kuskuren da aka saba yi shi ne cika wannan wuri da ƙaton hoto da jerin sassan shafin kamfanin, har fuskar wayar ta cika ba a ga kanun ba.

Akwai siffofi uku da aka fi amfani da su wajen shimfiɗa abin da ya biyo baya.

Ta farko tana kama da dalar gyaɗa da aka kifa: faffaɗan hoto ko kanu a sama, gajeren bayani a tsakiya, sai maballi guda a ƙasa, ta yadda ido zai riƙa tsukewa har ya sauka a kan maballin. Ta fi dacewa da wasiƙa mai batu ɗaya, kamar sanar da sabon kaya.

Ta biyu ita ce ta jera hoto a hagu rubutu a dama, sa'annan a musanya a sashe na gaba, ido ya riƙa kai da komo kamar harafin Z. Masu kantunan da ke nuna kayayyaki uku ko huɗu sun fi son ta.

Ta uku ita ce jerin kanun labarai ɗaya bayan ɗaya, kowanne da taƙaitaccen bayani na layi biyu da mahaɗin da zai kai mutum ga cikakken labari. Jaridu da cibiyoyin bincike sun fi amfani da wannan.

A dukkansu ana barin sarari tsakanin sashe da sashe. Filin da ba a rubuta komai a kai ba yana aiki ne irin na shinge tsakanin gonaki, yana nuna inda wannan batu ya ƙare wancan ya fara.

Faɗin wasiƙa da zuwan wayar salula

Shekara da shekaru ana tsara wasiƙun talla a kan faɗin fiksel 600. Fiksel shi ne ɗan ɗigon haske da ake auna fuskar kwamfuta da shi.

Adadin ya samo asali ne tun zamanin da galibin kwamfutoci ke da faɗin fiksel 1024, manhajar imel kuma ta cinye wani ɓangare da jerin akwatuna, abin da ya rage wa saƙo bai wuce hakan da yawa ba.

Har yanzu ana riƙe da wannan ma'auni ko abin da ya yi kusa da shi, saboda layin da ya cika tsawo yana gajiyar da ido.

To amma fitowar iPhone a 2007, da wayoyin Android daga 2008, ta sauya kiɗan, rawa ma ta sauya.

Wasiƙar da aka raba sahu uku a jere tana kyau a kwamfuta, amma a waya sai ta ƙanƙance har sai mutum ya buɗa ta da yatsu yana jan ta hagu da dama.

Mafita ita ce tsarin da ke daidaita kansa da girman fuskar na'ura, wanda wani mai zanen shafukan intanet, Ethan Marcotte, ya yayata a 2010. A wannan tsari, sahu biyun da ke gefe da gefe a kwamfuta kan hau kan juna idan aka buɗe a waya.

Sai a 2016 Gmail ta fara karɓar umarnin da ke ba da damar yin hakan, abin da ya sa masu tsarawa da dama suka rungumi hanya mafi sauƙi, wato sahu ɗaya tak daga sama har ƙasa.

A ƙasashe irin su Najeriya da Nijar, inda akasarin masu shiga intanet ta waya suke shiga, masu wannan sana'a kan fara zana wasiƙa ne don waya, daga baya a duba yadda za ta fito a kwamfuta.

Maballi

Maballi shi ne inda duk tsarin ya nufa, domin latsa shi ne ke kai mai karatu shafin da zai yi sayayya ko rajista.

Kamfanin Apple ya ba masu ƙera manhajoji shawarar kada abin da za a taɓa da yatsa ya gaza ma'auni 44 a tsawo da 44 a faɗi, yayin da Google ya ce 48. Masu tsara wasiƙu ma da wannan suke aiki.

Ana ba maballin launin da ya fita daban da na sauran wasiƙar, a kuma bar masa fili kewaye da shi, don kada yatsa ya kauce ya taɓa wani abu.

Rubutun da ke kansa ya kamata ya faɗi abin da zai faru, kamar “Duba farashi” ko “Yi rajistar taron”. “Latsa nan” ba ta bayyana inda za a kai mutum.

Wata ƙa'ida mai muhimmanci ita ce kada maballin ya zama hoto. Idan hotuna suka ƙi buɗewa, maballin ya ɓace ke nan, wasiƙar kuma ta rasa ƙofa.

Hotuna da nauyin saƙo

Wasu kamfanoni kan ɗauki hoton takardar talla da aka shirya don bugawa su aika shi a matsayin wasiƙa. Masana na kallon wannan a matsayin ɗaya daga cikin manyan kurakurai.

Dalili kuwa shi ne ba ko'ina hotuna ke buɗewa da kansu ba. Gmail ta fara nuna su kai tsaye ne a ƙarshen 2013, amma tsohuwar manhajar Outlook da ake amfani da ita a ofisoshi kan toshe su har sai mutum ya ba da izni.

Wanda ya karɓi irin wannan wasiƙa farin fili kawai zai gani. Makaho da ke amfani da manhajar da ke karanta masa rubutu da murya shi ma ba zai ji komai ba, sa'annan ba za a iya lalubo saƙon daga baya ta hanyar neman wata kalma da ke ciki ba.

Saboda haka farashi da kwanan wata da adireshi a rubuce ake sa su, kowane hoto kuma a liƙa masa ɗan bayanin da zai fito a madadinsa idan bai buɗe ba.

Nauyi ma abin lura ne. Gmail kan datse duk saƙon da rubutunsa da umarnin tsarinsa suka haura kilobait 102, ta ɓoye ragowar a bayan wani mahaɗi da ba kowa ke latsawa ba.

Abin da ke ƙarshen wasiƙa shi ke fara ɓacewa, ciki har da wurin cire suna.

Hotuna ba sa cikin wannan lissafi, amma suna da nasu illar. Inda sadarwa ke da rauni, ko mutum yake lissafin datar da ya saya, hoto mai nauyi kan sa a rufe saƙo kafin ya gama buɗewa.

Haruffa da launi

Galibin masu tsarawa kan sa girman rubutu tsakanin fiksel 14 zuwa 16, kanu kuma daga 22 zuwa sama, tare da taƙaita nau'in haruffa zuwa ɗaya ko biyu.

Akan zaɓi nau'o'in da ke cikin kusan kowace na'ura, kamar Arial da Georgia da Verdana, domin idan aka zaɓi wanda na'urar mai karatu ba ta da shi, za ta musanya da wanda ta ga dama.

Wannan batu ya shafi masu rubutu da Hausa kai tsaye. Ba kowane nau'in haruffa ne ke da ƙ da ɗ da ɓ ba, kuma idan ba a aika saƙon da tsarin adana haruffa na UTF-8 ba, sukan rikiɗe su koma alamar tambaya ko ɗan akwati.

Wasiƙar da ke ɗauke da Larabci ko Ajami kuwa sai an shaida wa manhajar cewa rubutun daga dama yake farawa, in ba haka ba alamomin rubutu su faɗa inda bai dace ba.

Dangane da launi, ƙa'idojin da ƙungiyar W3C mai tsara dokokin shafukan intanet ta fitar a 2008 sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bangon da yake kai ya kai aƙalla ninki huɗu da rabi.

Rubutu mai ruwan toka a kan fari na iya burge mai zane a ofis, amma wanda ke duba wayarsa a tsakar rana ba zai iya karanta shi ba.

Haka nan ba a dogara da launi kaɗai wajen isar da ma'ana. Hukumar lafiya ta Birtaniya ta ce kimanin namiji ɗaya cikin 12 na da matsalar bambance wasu launuka, musamman ja da kore.

Daga 2019, lokacin da wayoyin iPhone da Android suka samu yanayin duhu, inda bango ke komawa baƙi rubutu ya koma fari, an sami ƙarin aiki.

Wasu manhajojin kan juya launukan wasiƙa da kansu, ta yadda baƙin tambari kan nutse cikin baƙin bango. Maganin da aka saba yi shi ne a zagaye tambarin da siririn farin layi.

Me ya sa ya fi shafin intanet wuya?

Wasiƙa ɗaya na iya fitowa da kama daban-daban a Gmail da Yahoo da Apple Mail da Outlook, domin kowace manhaja da yadda take fassara umarnin tsari.

Babban misali shi ne matakin da Microsoft ya ɗauka a Outlook ta 2007, inda ya mayar da aikin nuna saƙonni ga manhajar rubutu ta Word.

Word ba ta fahimtar yawancin dabarun da ake shimfiɗa shafukan intanet na zamani da su, lamarin da ya tilasta wa masu tsara wasiƙu ci gaba da amfani da tsohuwar dabarar jadawali, wato raba shafi gida-gida a cusa kowane abu a gidansa.

Sabuwar Outlook da kamfanin ya saki ga kowa a 2024 ta bar wannan hanya, sai dai tsohuwar na nan a ofisoshi masu yawa.

Bugu da ƙari, saboda dalilan tsaro manhajojin imel ba sa barin ƙananan shirye-shiryen kwamfuta su yi aiki a cikin saƙo, kuma kaɗan ne ke kunna bidiyo. Abin da aka saba yi shi ne a sa hoton bidiyon, wanda idan aka latsa zai kai mutum inda yake.

Ƙasan wasiƙa da abin da doka ta ce

Ƙasan wasiƙa ne wurin da tsari ya haɗu da doka.

Dokar CAN-SPAM, wadda Shugaba George W Bush ya sanya wa hannu a watan Disambar 2003, ta wajabta wa mai aika talla a Amurka ya sa adireshin ofishinsa, ya guji take mai yaudara, ya kuma samar da hanyar cire suna da za a aiwatar cikin ranakun aiki 10.

Tarar saɓa mata na iya haura dala dubu 50 a kan kowane saƙo.

A Tarayyar Turai, dokar kare bayanan jama'a ta GDPR da ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018 ta tanadi cewa janye amincewa ya kasance da sauƙi kamar bayar da ita. Tararta na iya kaiwa yuro miliyan 20, ko kashi 4 cikin ɗari na cinikin kamfani a shekara.

A Najeriya ma, dokar kare bayanai da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2023 ta ba mutum 'yancin ƙin amincewa a yi amfani da bayanansa wajen aiko masa da talla, ta kuma kafa hukumar NDPC domin sa ido.

Sai dai dokar da ta fi saurin cizo ita ce ta kamfanonin imel. Daga watan Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka gindaya sababbin sharuɗɗa ga masu aika saƙonni da yawa, waɗanda Google ya ce su ne masu aika 5,000 ko fiye a rana.

Sharuɗɗan sun haɗa da tabbatar da cewa saƙon daga adireshin kamfanin ya fito, da ba da damar cire suna da latsawa ɗaya a kuma aiwatar cikin kwana biyu, da kuma kada masu kai ƙara su kai mutum uku cikin dubu.

Wannan ne ya sa ɓoye wurin cire suna da ƙananan haruffa ya zama cutar kai. Wanda ya nemi ƙofar fita bai gani ba, maballin kai ƙara zai latsa, kuma ƙarar ta fi cire sunan illa nesa ba kusa ba.

Akwai kuma batun amana. Masu zamba ta intanet kan kwaikwayi tambarin bankuna da kamfanoni, shi ya sa bankunan Najeriya ke yawan nanata wa abokan hulɗarsu cewa ba sa neman lambar sirri ta imel.

Wasiƙar da ke riƙe da kama ɗaya a kowane fitowa, da adireshi na gaskiya, da mahaɗan da ke kaiwa shafin kamfanin kaɗai, ta fi sauƙin bambancewa da ta 'yan damfara.

Gwaji da aunawa

Duk da waɗannan ƙa'idoji, masu sana'ar na cewa babu wanda zai iya sanin tsarin da zai yi tasiri sai an gwada.

Hanyar da aka saba bi ita ce a shirya wasiƙa iri biyu da suka bambanta a abu ɗaya kawai, a aika wa ƙananan rukunoni biyu, wadda ta fi samun karɓuwa a aika wa sauran jama'a.

Kwamitin yaƙin neman zaɓen Shugaba Barack Obama na 2012 ya yi fice a wannan fanni. Mujallar Bloomberg Businessweek ta ruwaito cewa mafi yawan dala miliyan 690 da ya tara ta intanet ta hanyar imel suka shigo.

Ma'aikatan kan gwada har nau'i 18 na saƙo guda kafin su zaɓa. Wani saƙo na watan Yunin shekarar, mai taken da ke cewa abokan hamayya za su fi shi kashe kuɗi, ya tara sama da dala miliyan biyu da rabi, alhali an ƙiyasta cewa mafi rauni cikin taken da aka gwada da bai kawo fiye da kimanin dala dubu 400 ba.

Sun kuma gano cewa sau da yawa saƙo maras ado, mai manyan mahaɗai da rubutun da aka shafa wa ruwan ɗorawa, ya fi mai kyan gani kawo kuɗi, ko da yake tasirin kan dushe da zarar mutane sun saba. Ba girin-girin ba dai, a yi mai.

Ma'aunin da ake dogara da shi ma ya sauya. A da ana ƙirga waɗanda suka buɗe saƙo ne ta hanyar wani ɗan mitsitsin hoto da ake ɓoyewa a ciki, wanda ke sanar da kamfani idan an buɗe.

A watan Satumbar 2021 Apple ya fito da wani tsarin kare sirri da ke ɗauko hotunan saƙo tun kafin mai shi ya duba, abin da ya sa alƙaluman buɗewa suka kumbura ba tare da an san gaskiyarsu ba.

Tun daga lokacin hankali ya fi karkata ga adadin waɗanda suka latsa maballi, da waɗanda suka yi sayayya, da kuma waɗanda suka cire sunansu.

Kafin a saki kowace wasiƙa, ƙwararru kan aika wa kansu gwaji, su buɗe ta a ƙaramar waya, su kashe hotuna su ga abin da ya rage, sa'annan su latsa kowane mahaɗi ɗaya bayan ɗaya.

Dalili shi ne shafin intanet ana iya gyara shi bayan an wallafa, amma wasiƙar da ta riga ta shiga akwatunan mutane dubu ɗari babu hanyar dawo da ita.